Garin Gyaran Gira: Tambari da Shafukan Intanet na Ƙungiyoyin Bincike

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan abokan aikinka, ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai albarka domin in yi tsokaci a kan wani al'amari da ba a cika kawo shi shafin wasiƙu ba, wato yadda ƙungiyoyin bincike waɗanda ba riba suke nema ba suke zaɓar tambarinsu, da yadda suke tsara shafukansu na intanet. Mai yiwuwa wani ya ce wannan magana ce ta masu zane da ma'aikatan kwamfuta, babu ruwan mai karanta jarida da ita. Ni kuwa a ganina yana da ruwa da tsaki a cikinta, domin galibin alƙaluman da 'yan jarida suke kawo mana game da lafiya da ilimi da talauci da sauyin yanayi daga irin waɗannan ƙungiyoyi ake ɗebo su, kuma ta ƙofar shafukansu ake shiga a ɗebo.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani takaici da na ƙunsa kwanan baya. Na koma kan wani dogon rubutu da na yi shekarun baya, wanda na kafa hujjojinsa a kan rahotannin wata cibiyar bincike mai zaman kanta da nake ganin girmanta, kuma har gobe ina gani, shi ya sa ba zan kama sunanta ba. Na danna adireshin rahoto na farko, sai allo ya nuna mini lambar nan ta 404, wadda take nufin babu abin da ake nema a wurin. Na danna na biyu da na uku, duk kanwar ja ce. Da farko na ɗauka cibiyar ce ta rufe, ashe tana nan daram, sabunta kanta ta yi. Ta sauya tambari, ta sauya launi, ta ɗora wani bidiyo da ya cika shafin farko, ta kuma rubuta wa kanta kirari da manyan haruffa a kan yadda take kawo sauyi a duniya. Rahotannin da suka jawo mata suna kuwa an kwashe su daga inda suke, wasu an kai su sabon adireshi ba tare da an bar wata alama da za ta kai mutum can ba, wasu kuma ko sama ko ƙasa. Garin gyaran gira an rasa ido.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba na cikin masu cewa kyan shafi almubazzaranci ne, domin masana sun auna tasirinsa sun ga yana da nauyi. A shekarar 2002 wasu masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin B.J. Fogg, sun sa mutane fiye da 2,600 sun duba shafukan intanet daban-daban, suka tambaye su dalilin da ya sa suka yarda da wani shafi ko suka ƙi yarda da shi. Kusan kashi 46 cikin 100 na bayanan da mutanen suka bayar sun taɓo kamannin shafin ne, kuma babu wani dalili da aka ambata da yawa kamar wannan. A 2006 kuma Gitte Lindgaard da abokan aikinta a Jami'ar Carleton ta Kanada sun nuna cewa kashi ɗaya cikin 20 na daƙiƙa ya ishi mutum ya yanke hukunci a ransa ko shafi ya burge shi ko bai burge shi ba. Saboda haka cibiyar da ta bar shafinta a hargitse, rubutu ya hau kan rubutu, hotuna sun ƙi buɗewa, ta cuci binciken da ma'aikatanta suka sha wahalar yi, domin mai karatu zai juya baya tun bai kai ga jimlar farko ba.

Sai dai wannan sakamakon da kansa shi ne abin tsoro. Idan kamanni yana jawo amincewa da wannan sauri, to duk mai kuɗi yana iya sayen amincewa, ko da gaskiya a hannunsa ko babu. Wannan kuwa ya girmi intanet. A watan Janairun 1954 manyan kamfanonin taba na Amurka, bisa shawarar kamfanin hulɗa da jama'a na Hill and Knowlton, sun buga wata sanarwa a jaridu fiye da 400, inda suka shelanta kafa wani kwamitin bincike na masana'antar taba, a daidai lokacin da hujjoji suke taruwa cewa sigari yana haddasa ciwon daji na huhu. A 1964 aka sauya wa kwamitin suna, ya koma majalisar binciken taba, kalmar masana'anta ta fita daga sunan gaba ɗaya. Yana da masana, yana da ofis, yana raba tallafin bincike, yana da duk wata siffa ta cibiyar ilimi, amma babban amfaninsa ga waɗanda suka kafa shi shi ne a ci gaba da cewa har yanzu ana kan bincike, ba a tabbatar da komai ba. Bai rufe ba sai bayan yarjejeniyar da kamfanonin suka ƙulla da jihohin Amurka a 1998. Abin da a wancan zamani ya buƙaci shafukan jaridu 400, a yau mutum ɗaya yana iya haɗa kwatankwacinsa cikin 'yan kwanaki.

Ko alamar .org ta ƙarshen adireshin shafi da mutane da yawa suke ɗauka shaida ce ta cewa ƙungiya ba ta neman riba, ba shaidar komai ba ce. Tana cikin alamomin farko da aka kafa a 1985, kuma kowa yana iya yin rajista da ita ba tare da an nemi ya nuna wata takarda ba. Sam Wineburg da Sarah McGrew, su ma daga Stanford, sun yi wani gwaji da suka fitar a 2017, inda suka zaunar da malaman tarihi 10 masu digirin digirgir, da ɗalibai 25, da ƙwararrun masu tantance labarai 10, suka ba su shafuka su faɗi wanne ne abin dogaro. Ɗaliban, har ma da wasu daga cikin malaman, sun tsaya a kan shafin suna nazarin tambari da adireshi da tsarin rubutu, kuma sau da yawa sun yi wa rogo kallon kitse. Masu tantance labarai kuwa ba su daɗe a shafin ba, sai suka fita suka nemi abin da wasu majiyoyi suke faɗa game da ƙungiyar, kuma sun fi kowa saurin gano gaskiya.

Daga nan ne nake ganin ya kamata kowace ƙungiyar bincike ta gaskiya ta fara tunani kafin ta kira mai zane. Tun da kyau abu ne da maƙaryaci ma yake iya saya, to abin da zai bambanta ta da shi shi ne ta gina shafinta domin mai son tantancewa, wato mutumin da ya zo da shakka yana son ya san wane ne ya biya kuɗin binciken, ta wace hanya aka tattara bayanan, mutum nawa aka tambaya, yaushe aka yi, kuma ina ɗanyen alƙaluman suke idan yana son ya sake lissafin da kansa. Waɗannan su ne abubuwan da mai ɓoye wata manufa ba ya son ya bayyana, kuma su ne ƙungiyar kirki take da su a hannu ba tare da ta kashe ko sisi ba. Abin mamaki shi ne sau da yawa su ake turawa can ƙasan shafi da ƙananan haruffa, a bar sama ga kirari.

Batun kuɗi shi ne kan gaba. A 2014 wata ƙungiya mai suna Transparify ta fara auna cibiyoyin nazarin manufofi a kan tambaya ɗaya tak: shin mai ziyartar shafinsu zai iya gane wanda yake ba su kuɗi? A zagayen farko ta duba cibiyoyi 169 a ƙasashe 47, tana ba da tauraro biyar ga wadda ta bayyana sunayen masu tallafa mata da adadin da kowa ya bayar da aikin da aka bayar dominsa, ƙaramar daraja kuma ga wadda ta yi gum. Abin da ya burge ni a wannan ma'auni shi ne bai nemi a aiko masa da takardu a asirce ba, abin da yake a fili a shafi shi kaɗai yake ƙirgawa. Ina ganin duk wanda aka ba kwangilar tsara shafin cibiyar bincike ya kamata ya tambayi shugabanninta tun a zaman farko inda suke son a sa jerin masu ba su tallafi, kuma amsar da za su ba shi za ta gaya masa irin gidan da ya shigo.

Tambarin da kansa ba zan daɗe a kansa ba, domin a ganina an fi ba shi lokaci fiye da yadda ya cancanta. Misalin da nake so shi ne na ƙungiyar kare namun daji ta WWF, wadda aka kafa a 1961. Tambarinta hoton dabbar nan ce ta ƙasar Sin da ake kira fanda, an samo shi daga wata fanda mai suna Chi-Chi da take gidan namun daji na Landan a lokacin, kuma Peter Scott, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, shi ya fitar da zanen farko da aka yi amfani da shi. Daga cikin dalilan zaɓen akwai cewa dabbar baƙa da fara ce, saboda haka za a iya buga ta ba tare da kuɗin launi ba. Ƙarancin kuɗi ya haifar da tambarin da ya haura shekara 60 ana gane shi, ana ɗan gyara shi lokaci-lokaci ba tare da an jefar da shi ba. A ɗaya gefen kuma ga Jami'ar Kalifoniya, wadda ta fito da sabuwar alama ta zamani a 2012, mutane suka ɗauka za ta maye gurbin tsohon hatiminta mai ɗauke da buɗaɗɗen littafi, fiye da mutum 50,000 suka sa hannu a takardar ƙorafi, jami'ar ta janye alamar a watan Disambar shekarar. Cibiyar ilimi da daɗewarta take tinƙaho, kuma duk sauyin da zai sa ta yi kama da sabon kamfanin da aka buɗe jiya yana rage mata wani abu. Abin da ake buƙata a wurin tambarin cibiyar bincike kaɗan ne: a iya gane shi idan an ƙanƙanta shi a kusurwar jadawali, ya fito idan an buga shi baƙi da fari, kuma kada a riƙa sauya shi duk lokacin da aka yi sabon shugaba.

Inda matsalar ta fi tsanani shi ne yadda ake ajiye rahotannin. Al'adar da ta zama ruwan dare ita ce a rubuta rahoto mai shafi 80 ko 100, a yi masa bango mai kyau, a mayar da shi fayil ɗin PDF, a rataye shi a shafi da take da hoton bango kawai, a ce an wallafa. Bankin Duniya, wanda ba ƙungiya mai zaman kanta ba ce amma yana cikin manyan masu fitar da bincike a duniya, ya yi ƙarfin halin auna kansa a kan wannan. A wani nazari da ma'aikatansa biyu suka fitar a 2014, an duba rahotannin manufofi kimanin 1,600 da bankin ya wallafa tsakanin 2008 da 2012, aka gano cewa fiye da kashi 31 cikin 100 babu wanda ya taɓa sauke su ko sau ɗaya, kashi 13 ne kawai aka sauke aƙalla sau 250, kuma kusan kashi 87 babu wani rubutun bincike da ya taɓa kafa hujja da su. Adalci ya sa a ce wasu daga cikin rahotannin an rubuta su ne domin wata gwamnati, kuma sun isa hannunta ta wata hanyar. Duk da haka, idan cibiya mai wannan ƙarfi da wannan suna ta ga haka a gidanta, ƙaramar ƙungiya ba ta da dalilin zaton cewa nata rahotannin ana rububinsu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kamfanin Adobe ya fito da PDF a 1993 domin takarda ta fito da kamanni ɗaya a kowace kwamfuta da kowace na'urar buga takarda, kuma a wannan aikin har yanzu babu kamarsa. Amma shafin da aka auna domin takarda ba ya lanƙwasuwa ya dace da allon waya, sai mai karatu ya yi ta ja da yatsa hagu da dama kafin ya gama layi ɗaya. Alhali kamfanin StatCounter mai ƙididdigar masu shiga intanet ya ba da rahoton cewa a watan Oktoban 2016, a karon farko, shiga intanet ta wayoyi da ƙananan allunan hannu ya zarce na kwamfutocin tebur a duniya. Ga kuma halin mai karatu: tun 1997 Jakob Nielsen, masanin yadda mutane suke amfani da shafukan intanet, ya gano a gwajinsa cewa kashi 79 cikin 100 na mutane ido kawai suke bi da shi a shafin intanet suna tsintar abin da suke nema, kashi 16 ne suke karantawa kalma bayan kalma. Shi ya sa hukumar da take kula da shafin gwamnatin Birtaniya na GOV.UK, wanda aka buɗe a 2012, take umartar ma'aikatu su wallafa bayanansu a matsayin shafin intanet na ainihi maimakon PDF. Ba ina cewa a daina fitar da cikakken rahoto ba, domin masani yana buƙatarsa da dukkan rataye-ratayensa. Abin da nake cewa shi ne kowane rahoto ya samu shafinsa na kansa, wanda zai faɗi sakamakon a sakin layi biyu ko uku da harshen da ɗan jarida da ɗan majalisa da ɗalibi za su fahimta, ya nuna ranar wallafa da sunayen marubuta da hanyar da aka bi, sannan a sa cikakken fayil ɗin a ƙasa ga mai buƙata.

Wanda yake son ya ga yadda aiki da kansa yake zama tambari, ya duba Our World in Data, wanda Max Roser ya fara a 2011, kuma a yau wata ƙungiyar agaji mai rajista a Birtaniya take gudanar da shi tare da masu bincike na Jami'ar Oxford. Kowane jadawali nasu yana ɗauke da sunan majiyar da aka samo alƙaluman, da hanyar sauke alƙaluman da kansu, da ƙaramin tambarinsu a kusurwa, kuma sun saki aikinsu ƙarƙashin lasisin Creative Commons wanda ya ba kowa damar ɗauka ya yi amfani da shi muddin ya ambaci inda ya samo. A lokacin annobar korona manyan jaridun duniya sun dogara da alƙalumansu na allurar rigakafi, kuma duk inda jadawalin ya je sunansu yana biye da shi. Mutane da yawa sun san kamannin jadawalinsu tun kafin su taɓa buɗe shafinsu na farko, wasu ma ba su taɓa buɗe shi ba. Wannan ya nuna cewa kuɗin da ake zubawa a ƙawata shafin farko, wanda shugabanni suka fi damuwa da shi saboda shi suke nuna wa baƙi, da an karkatar da rabinsa ga tsara jadawali da shafukan rahoto da kwalliya ta fi biyan kuɗin sabulu, domin galibin masu ziyara daga injin bincike ko daga wani saƙo da aka turo musu suke faɗowa kai tsaye tsakiyar shafi.

Akwai kuma wata cuta da ta samo asali daga yadda waɗannan ƙungiyoyi suke rayuwa. Da tallafi suke tafiya, don haka idon shugabanninsu yana kan mai ba da tallafi, sai shafin ya koma rahoton shekara da ake gabatar masa. Ana jera abubuwa bisa tsarin ofisoshin cikin gida, sashen kaza da shirin kaza da haɗin gwiwar kaza, alhali mai karatu da tambaya ya zo, kuma bai san wane sashe ne ya yi aiki a kanta ba, bai kuma damu ya sani ba. Daga nan ne kuma ake samun hotunan nan na yara da mata cikin halin ƙunci da ake liƙawa domin a taɓa zuciyar mai bayarwa, sau da yawa ba tare da wata alaƙa da binciken da yake ƙarƙashinsu ba. Cibiyar da take neman izinin mutum kafin ta yi masa tambaya a bincike, bai dace ta ɗora fuskarsa a shafinta ba tare da irin wannan izinin ba.

Bari in koma ga abin da ya same ni, domin ba ni kaɗai ba ne. Cibiyar Pew ta Amurka ta fitar da wani nazari a 2024 wanda ya nuna cewa kashi 38 cikin 100 na shafukan da suke intanet a 2013 ba a iya samunsu bayan shekara 10, kuma kashi 54 na shafukan Wikipedia da aka duba suna da aƙalla majiya ɗaya da adireshinta ya mutu. Tun kafin nan masu bincike a Jami'ar Harvard sun gano cewa kusan rabin adireshin intanet da aka ambata a hukunce-hukuncen Kotun Ƙolin Amurka ba sa kai mutum ga abin da alƙalan suka nufa. Abin da ya sa wannan ya fi zafi a fagen bincike shi ne tarihin yanar gizon da kanta. Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro yanar gizon, ya rubuta shawararsa ta farko a kanta a watan Maris na 1989 yana ma'aikaci a CERN, cibiyar binciken kimiyya da take kan iyakar Faransa da Suwizalan, kuma matsalar da ya ce yana son ya magance ita ce ɓacewar bayanai a cibiyar, saboda masana suna zuwa su yi kamar shekara biyu su tafi da abin da suka sani. Ke nan domin kada cibiyar bincike ta riƙa mantuwa aka ƙirƙiro abin. A 1998 ya sake rubuta gargaɗi cewa adireshi mai kyau shi ne wanda ba ya sauyawa, kuma adireshi ba ya sauya kansa, mutane ne suke sauya shi. Ita kanta CERN sai a 2013 ta dawo da shafin farko na duniya a adireshinsa na asali.

Maganin kuwa yana da sauƙi har abin ya ba mutum haushi. Idan za a sauya shafi, ana jera tsofaffin adireshi gaba ɗaya, a haɗa kowanne da sabon wurinsa ta hanyar umarnin juyawa mai lamba 301, yadda duk wanda ya danna tsohon zai tsinci kansa a sabon ba tare da ya san an yi ƙaura ba. Aiki ne mai gajiyarwa wanda ba ya fitowa a hoto, shi ya sa idan ba a rubuta shi a takardar kwangila ba babu mai yin sa. Ban da wannan akwai lambar dindindin ta DOI, wadda ƙungiyoyi irin su Crossref da aka kafa a 2000 da DataCite da aka kafa a 2009 suke kula da rajistarta, wadda take bin rahoto duk inda aka mayar da shi muddin mai shi yana sabunta bayaninta. Ƙungiyar da ba ta da halin shiga wannan tsari da kanta tana iya ajiye rahotanninta da alƙalumanta kyauta a rumbun Zenodo da CERN take gudanarwa tun 2013, a ba ta lambar. Ya kamata kuma a yi hattara da fasahar yayi. Taswirori da jadawalai masu motsi da aka gina da manhajar Flash sun daina aiki bayan da Adobe ya janye tallafinsa gare ta a ƙarshen 2020, alhali rubutu da teburin alƙaluma na zamaninsu suna nan ana karantawa.

Masu zane suna son launi mai sanyi, rubutu ruwan toka a kan fari, siririn harafi mai kama da zare. A babban allon ofishinsu yana da kyau, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biliyan 2.2 suna da matsalar gani ta kusa ko ta nesa. Ƙa'idojin sauƙaƙa shafi ga masu buƙata ta musamman, waɗanda ake kira WCAG, sun fito tun 1999, kuma bugu na 2.2 ya fito a watan Oktoban 2023. Daga cikin abin da suka tanada akwai cewa bambancin haske tsakanin rubutu na yau da kullum da bayansa ya kai aƙalla 4.5 a kan 1, hoto ya samu bayanin da manhajar da take karanta wa makaho allo za ta furta, kuma kada a dogara da launi kaɗai wajen isar da ma'ana. Wannan na ƙarshe ya shafi cibiyoyin bincike kai tsaye, domin jadawalin da ya bambanta layi biyu da ja da kore kawai ba shi da amfani ga wanda idonsa ba ya rarrabe waɗannan launuka. Haka nan zaɓen zubin haruffa. Cibiyar da take wallafa aikinta cikin harsuna da yawa ya kamata ta gwada haruffan da ta zaɓa da kowane harshe kafin ta amince da su, domin duk mai karanta wannan jarida ya taɓa cin karo da shafin da ƙ da ɗ da ɓ suka koma akwatuna ko suka fito da wata siffa dabam a tsakiyar kalma, kuma masu karanta Larabci, wanda ake rubutawa daga dama zuwa hagu, suna da irin nasu kukan.

Saura abin da yake biyo bayan bikin buɗe shafi. Sunan adireshin ya kasance da sunan ƙungiyar aka yi rajistarsa, ba da sunan kamfanin da ya yi aikin ko wani ma'aikaci da zai iya barin aiki gobe ba, kalmomin sirri kuma su kasance a hannun fiye da mutum ɗaya. A gina shafin da manhajar da ma'aikatan cikin gida za su iya sarrafawa, irin su WordPress wadda fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya suke amfani da ita, domin kada gyaran kuskuren harafi ɗaya ya zama sai an aika wa ɗan kwangila takarda. Takardar shaidar tsaro ta HTTPS ba ta da tsada a yau, domin ƙungiyar Let's Encrypt tana bayar da ita kyauta, kuma tun watan Yulin 2018 manhajar buɗe shafukan intanet ta Chrome take yi wa shafin da ba shi da ita alamar cewa ba amintacce ba ne. Sannan a ware wuri na gyare-gyare, inda cibiya za ta rubuta cewa a rana kaza ta gano kuskure a tebur kaza na rahoto kaza ta gyara. Wasu shugabanni suna ganin wannan tonon silili ne ga kai. Ni kuwa idan na ga cibiya tana sauya alƙaluma a ɓoye ba tare da sanarwa ba, daga ranar nake fara shakkar sauran abin da ta wallafa.

Game da rahotannin da na rasa, na rubuta wa cibiyar, kuma wata ma'aikaciyarsu ta ba ni amsa cikin ladabi. Ta ce tallafin da aka samu na sabunta shafi ne kawai, kwashe tsofaffin takardu bai shiga cikin yarjejeniyar ba, kamfanin da ya gina tsohon shafin kuma sun rabu da shi tuni. Na samo yawancinsu a rumbun Wayback Machine na ƙungiyar Internet Archive, wadda take adana kwafin shafukan intanet tun 1996, na maye gurbin adireshin da suka mutu da na rumbun. Guda biyu ba su shiga rumbun ba, kuma a cibiyar ma ba a gano wanda yake da kwafinsu ba, don haka na cire sakin layin da na gina a kansu daga rubutun nawa.

Na gode da filin da aka ba ni.

Naka,
Wani mai karatu